Yadda ake ƙara wa furosesar kwamfutar tebur gudu, da yadda ake gano matsala idan ta fara gardama

Kowace furosesa tana fitowa daga kamfani da gudun da aka yanka mata, kuma kamfanin yakan bar rara, domin yana so ko mafi rauni a cikin dubbai ta yi aiki lafiya a hannun kowa. Obakulok shi ne ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa kafin Windows ya tashi, ka ci wannan rarar. Sauya lambar ba ya ɗaukar minti biyar. Abin da ke cin kwanaki shi ne tabbatar da cewa kwamfutar za ta riƙe sabon gudun ba tare da ta sanƙare a tsakiyar aiki ba, kuma a nan ne yawancin mutane ke yin garaje. Za mu bi aikin da furosesa guda, Intel Core i7-8700K, wadda ta fito a 2017 kuma har yau ana samunta a kasuwar kayan hannu. Hanyar ɗaya ce ga 'yan uwanta irin su i5-8600K da i5-9600K, lambobi ne kawai ke ɗan bambanta.

Kayanka sun yarda?

A ɓangaren Intel, sai furosesar da sunanta ya ƙare da K ko KF, a kan madabod, wato babban allon da ake dasa furosesa a kai, mai chipset na jerin Z, kamar Z370 ko Z390. Idan ɗaya ya ɓace, ƙofar a rufe take. A ɓangaren AMD, kusan duk Ryzen a buɗe suke, in dai madabod ɗin na jerin B ne ko X. A320 ba ya bari.

Kwamfutocin ofis na HP da Dell da suka cika shagunan kayan hannu daga Farm Centre ta Kano zuwa Computer Village ta Ikeja ba sa cikin wannan magana. BIOS ɗinsu ba shi da wurin sauya gudu, masanyayinsu ƙarami ne, fawa-fak ɗinsu kuma, wato akwatin da ke ba kayan ciki wuta, daidai bukatar injin aka yi shi. Kar ka ɓata lokacinka a kansu.

Sai masanyayi. 8700K ba ta zuwa da nata a kwali, kuma ɗan ƙaramin nan na Intel mai fanka ɗaya a kwance ba zai iya da ita ba. Mafi ƙaranci ka samu mai hasumiya irin Cooler Master Hyper 212. Idan kana hangen 4.9 GHz zuwa sama, sai babba irin Noctua NH-D15 ko na ruwa mai fanka biyu. Fawa-fak ma ya zama na kamfanin da aka sani, mai rarar wat. Ka kuma sani tun yanzu cewa Intel da AMD duka sun ce garantinsu ba ya ɗaukar lalacewar da obakulok ya jawo.

Lissafin da ya kamata ka riƙe a ka

Gudun furosesa ninki ne na lambobi biyu. Akwai agogon tushe, BCLK, wanda yake 100 MHz, sai lambar ninki da BIOS ke kira CPU Ratio ko CPU Core Ratio. Ninki 48 sau 100 ya ba da 4800 MHz, wato 4.8 GHz. BCLK ka bar shi yadda yake, domin gudun RAM ma a kansa ya rataya, taɓa shi yana buɗe matsala biyu a lokaci guda.

8700K tana da ƙwayoyi shida, abin da BIOS ke kira core. An rubuta mata 3.7 GHz na tushe da 4.7 GHz na Turbo, amma 4.7 ɗin na ƙwaya ɗaya ce kawai. Idan duka shidan suna aiki, a 4.3 GHz take tsayawa. To idan ka kai su duka 4.8, ribarka kusan kashi 12 cikin ɗari ce, kuma a aikin da ke cinye furosesa gaba ɗaya kaɗai za ka gan ta, kamar fitar da bidiyo ko zanen gini mai nauyi. A buɗe intanet da rubutu ba za ka ji komai ba.

Kuɗin da za ka biya shi ne zafi. Ƙarin gudu yana neman ƙarin boltej, wutar da furosesa ke ci kuma tana hawa ne da boltej sau kansa. Daga 1.20 V zuwa 1.35 V kaɗai ƙarin kusan kashi 27 ne. Haɗa da tashin gudu daga 4.3 zuwa 4.8, ka ɗan haura kashi 40. Duk wannan wutar zafi take komawa.

A nan ne lambobin da kake gani a bidiyon Turawa ke yaudara. Galibi a ɗaki mai sanyin digiri ashirin da 'yan kai suke gwaji. Kano da Sakkwato da Yamai kuwa a watan Afrilu zafi yana kai digiri 40, kuma kusan duk digiri ɗaya da ɗaki ya ƙara, furosesa ma ta ƙara shi. Saitin da ya tsaya a 80 a wurinsu zai iya haura 90 a ɗakinka da azahar. Saboda haka a ganina, ga wanda ba shi da na'urar sanyaya ɗaki, 4.7 ko 4.8 a duka ƙwayoyi shi ne burin hankali, ba 5.0 da ake ta yayatawa ba.

Kafin ka taɓa BIOS

Kwashe muhimman fayilolinka zuwa wani wuri. Furosesar da ba ta daidaita ba tana iya yin kuskuren lissafi yayin rubuta fayil, ta lalata shi ba tare da ta nuna maka komai ba.

Buɗe akwatin ka busa ƙura, musamman tsakanin ganyayyakin masanyayi, inda ƙurar hunturu ke daskarewa. Idan man da ke tsakanin furosesa da masanyayi ya shekara biyu ko uku, goge shi ka sa sabo.

Sauke manhajoji huɗu, duka kyauta: CPU-Z don ganin gudu, HWiNFO64 don zafi da boltej, Cinebench R23 don auna riba, sai Prime95 ko OCCT don gwajin wahala. Ƙara MemTest86 a filashi saboda RAM.

Sannan ka gwada kwamfutar yadda take, ba ka sauya komai ba. Gudanar da Cinebench, rubuta makin, rubuta zafi mafi girma da Vcore, wato boltej ɗin da furosesa ke samu, da HWiNFO64 ya nuna. Bar Prime95 ya yi rabin awa. Idan a haka ma tana wuce digiri 80, ko tana faɗuwa, tsaya nan ka gyara wannan tukuna. Mutane da yawa suna ɗora wa obakulok laifin da tun asali na RAM ne ko na fawa-fak.

Kuma ka nemo inda ake goge saitin BIOS a madabod ɗinka tun kafin ka bukace shi. Wasu ƙananan filoli biyu ne, a ASUS an rubuta CLRTC a gefensu, a MSI kuma JBAT1. Samu littafi da biro. Duk lambar da ka sauya, rubuta ta da sakamakonta.

Cikin BIOS

Kunna kwamfuta kana danna Delete ko F2. A ASUS da MSI, F7 ke kai ka cikakken shafi. Wurin aikin a ASUS sunansa Ai Tweaker, a MSI OC, a ASRock OC Tweaker, a Gigabyte na wancan zamani M.I.T.

Da farko kashe XMP, saitin da ke ƙara wa RAM gudu, RAM ya koma gudunsa na asali. Za mu dawo da shi daga baya. Dalili kuwa, idan ka ɗaga furosesa da RAM tare, kwamfuta ta faɗi, ba ka san wa za ka kama ba. Wannan ita ce ƙa'idar da duk aikin ya tsaya a kanta: abu ɗaya ake sauyawa, a gwada, sannan a taɓa na gaba.

Kashe MultiCore Enhancement, ko duk sunan da madabod ɗinka ya ba wa ƙarin gudu na kai-tsaye. Sa CPU Core Ratio a Sync All Cores ko All Core, ka rubuta 46. Cache Ratio, ninkin gudun ƙaramar ma'ajiyar da ke cikin furosesa, wanda wasu ke kira Ring, bar shi a Auto.

Boltej kar ka bar shi a Auto. Madabod ba ya son a ce ya gaza, don haka yakan zuba wuta fiye da kima da zarar ya ga ninki ya tashi. Zaɓi Manual ko Override ka rubuta 1.25 V. Masu wannan harka galibi ba sa wuce 1.35 V ga wannan furosesa a amfanin yau da kullum, 1.40 kuma ana ɗaukarsa bakin iyaka ko da sanyaya mai kyau. Kula da inda ɗigo yake kafin ka danna Enter.

Sai Load-Line Calibration, ko LLC. Idan aiki ya yi nauyi, boltej da ke isa furosesa yakan sauka ƙasa da abin da ka rubuta, da gangan aka tsara haka don kare ta daga tsallen wuta idan aikin ya tsaya kwatsam. LLC ne ke rage wannan saukar. Zaɓi matsakaici mai ɗan ƙarfi, kar ka zaɓi na ƙoli. Hattara, jerin ba ɗaya ba ne: a ASUS babbar lamba ce mai ƙarfi, don haka 5 ya yi, a MSI da ASRock kuwa lamba 1 ce mafi ƙarfi.

Ɗaga iyakokin wuta, Long Duration da Short Duration Power Limit, zuwa sama sosai, in ba haka ba furosesar za ta koma kan wat 95 ɗinta bayan 'yan daƙiƙu ta rage gudu. AVX Offset sa shi a 2. Wasu ayyuka, irin matse bidiyo, suna amfani da umarnin AVX mai ɗumama furosesa fiye da saura, wannan saitin yana sauke ninki da biyu a lokacinsu kawai. F10, ka ajiye.

Hawa a hankali

Idan Windows ya buɗe, kunna HWiNFO64 da Cinebench. Duba abu uku: duka ƙwayoyi suna kan 4600 MHz, nawa Vcore ya sauka a tsakiyar aiki, nawa zafi ya kai. Vcore za ka duba, ba VID ba. VID roƙon da furosesa ke yi ne, Vcore shi ne abin da aka ba ta.

Ya wuce lafiya? Koma BIOS, ninki 47, boltej yadda yake. Sake gwaji na minti goma zuwa sha biyar. Haka za ka yi ta yi har ta faɗi. Inda ta faɗi, ƙara 0.01 ko 0.02 V ka sake. Za ka lura cewa matakan farko kusan kyauta suke zuwa, sannan a kai wani mataki da 100 MHz ɗaya ke neman 0.05 V ko fiye. Wannan ne katangar furosesarka, kuma ta kowa daban ce, ko da lambar samfuri ɗaya ce da ta abokinka. Ka tsaya a matakin da ke ƙasa da ita. Wanda ya nace sai ya haura, garin neman gira zai rasa ido.

Iyakar zafin 8700K digiri 100 ne, a nan take rage gudu da kanta. Kai dai ka riƙe ƙasa da 85 a gwajin wahala.

Idan ka samu matakin da kake so, sai dogon gwaji. Prime95 a gwajinsa na Small FFTs, mai matsa wa furosesa, da AVX a kashe, awa ɗaya zuwa biyu. Sannan da AVX a kunne, rabin awa, idonka a kan zafi. Sannan Blend, gwajin Prime95 mai haɗawa da RAM, ko OCCT na awanni da yawa. A yi shi a kan wuta tsayayya, inbata ko UPS mai kyau. Idan NEPA ta yi rawa kwamfuta ta mutu, ba za ka bambance laifin layi da na saitinka ba. Kuma a yi wani sashe na gwajin da rana tsaka, ba cikin sanyin asuba kaɗai ba.

Karanta irin faɗuwar

Kwamfuta ba ta faɗuwa iri ɗaya, kuma yadda ta faɗi yana nuna inda ciwon yake.

Idan ka ajiye saiti, fankoki suna juyawa amma allo baƙi ƙirin, kar gabanka ya faɗi, da wuya a ce wani abu ya ƙone. Madabod da yawa suna komawa saitin asali da kansu bayan sun kasa tashi sau biyu ko uku. In bai yi ba, zare waya daga bango, haɗa filolin nan biyu da bakin sukudireba na daƙiƙa goma, ko ka cire batirin CR2032 na 'yan mintuna. Littafinka zai gaya maka inda ka tsaya.

Shuɗin allo, wanda a sabbin Windows 11 ya koma baƙi, yana zuwa da suna a ƙasa. WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR, lamba 0x124, da CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT, lamba 0x101, kusan kullum suna cewa boltej ya yi kaɗan ga wannan gudu. Ƙara 0.01 V, ko ka sauke ninki ɗaya idan zafi ba ya ba ka fili. MEMORY_MANAGEMENT da PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA kuwa sun fi nuna RAM ko Cache Ratio. Waɗannan alamu ne, ba hukunci ba, amma suna rage maka lalube.

A Prime95, wani lokaci kwamfuta ba ta faɗuwa, sai dai layin ƙwaya ɗaya ya tsaya da saƙon “Rounding was 0.5, expected less than 0.4”. Ma'anarsa ƙwayar ta yi lissafi ta samu amsar da ba daidai ba. Kana dab da daidaita, ƙaramin ƙarin boltej yakan wadatar. Amma kar ka ce ai saura biyar suna tafiya. Wannan kuskuren ne zai shiga fayilinka wata rana.

Akwai kuskuren da ba ya fitowa fili sam. Buɗe Event Viewer, shiga Windows Logs, sannan System, ka nemi WHEA-Logger mai lamba 19. Wannan kuskure ne da furosesa ta yi ta gyara da kanta. HWiNFO64 ma yana ƙirga su a can ƙasan jerinsa. Saitin da ya ci gwajin awa shida amma yana tara irin waɗannan bai daidaita ba. Sifili ake nema.

Idan kwamfuta ta mutu ɗif a tsakiyar aiki mai nauyi, babu shuɗin allo, ta sake tashi da kanta, a Event Viewer ba za ka ga komai ba sai Kernel-Power 41, wanda iyakar abin da yake faɗa shi ne wuta ta yanke ba shiri. A nan ka fi zargin kayan wuta: fawa-fak da ya gaza, ko kariyar madabod da ta yanke saboda yawan wutar da ake ja, ko VRM, wato sassan da ke kewaye da furosesa suna tace mata wuta, sun yi zafi. Duba cewa wayar furosesa mai fil takwas ta shiga sosai. Duba zafin VRM a HWiNFO64 idan madabod ɗin yana nunawa. Mai masanyayin ruwa ya fi fuskantar wannan, domin babu iskar da ke bi ta kansu, fanka ɗaya da aka juya wajen takan magance shi. Ƙarin boltej a wannan hali ƙara dagula lamarin yake yi.

Wata matsalar ba faɗuwa ba ce: ka ɗaga gudu amma makin Cinebench bai motsa ba, ko ma ya ragu. Furosesar tana ja da baya ne a ɓoye. A HWiNFO64 nemi layukan Thermal Throttling da Power Limit Exceeded, ka ga wanne ya ce Yes. Na farko sanyaya yake nema ko rage boltej, na biyu kuma iyakokin wutar nan ne ba ka ɗaga ba.

Mai ban haushi duka ita ce wadda ta ci duk gwaji, sannan ta sanƙare kana kallon bidiyo ko ba ka ma taɓa ta. Yawanci hakan na faruwa ne bayan an sauya saitin boltej daga Manual zuwa Adaptive ko Offset mai ragi, inda boltej ke sauka ƙasa sosai lokacin hutu, sai ya kasa tashi da sauri idan aiki ya zo. Rage yawan ragin. Don tabbatarwa, kashe C-States, saitin BIOS da ke barin furosesa ta huta idan ba aiki, na kwana ɗaya ka gani ko ta daina.

Bayan faɗuwa da yawa, buɗe Command Prompt a matsayin mai gudanarwa ka rubuta sfc /scannow, domin fayilolin Windows kansu suna iya samun rauni, su ci gaba da kawo shuɗin allo bayan saitin ya gyaru.

Dawo da RAM, sannan ka rufe

Sai furosesa ta tsaya da ƙafarta za ka kunna XMP. Gudanar da MemTest86 zagaye huɗu, sannan Blend. Duk matsalar da ta ɓullo yanzu ka san daga ina take. Leƙa VCCIO da VCCSA, boltej biyu da ke ciyar da sashen furosesa mai kula da RAM. Wasu madabod suna cilla su sama da 1.30 V da zarar an kunna XMP, alhali RAM mai gudun 3000 ko 3200 yawanci yana zama lafiya tsakanin 1.10 da 1.20 V. Saita su da hannu.

Mai Ryzen, musamman daga jerin 5000 na 2020 zuwa sama, hanyarsa ta ɗan bambanta. Kafe ninki ɗaya a duka ƙwayoyi sau da yawa yana rage masa gudun ƙwaya ɗaya, kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. Abin da ya fi shi ne kunna Precision Boost Overdrive, ƙarin gudu na kai-tsaye na AMD, a shiga Curve Optimizer a sa Negative don rage boltej, a fara da 10, ana ƙarawa biyar-biyar, iyakarsa 30 a jerin 5000. Faɗuwarsa ta lokacin hutu ce da aiki mara nauyi, don haka ana gwada ƙwaya ɗaya-ɗaya da manhajar CoreCycler. Boltej na SoC, wanda ke ciyar da sashen kula da RAM, a Ryzen 7000 kar ya wuce 1.30 V, iyakar da AMD ta sa kenan a 2023 bayan wasu furosesoshi sun ƙone. Mai Intel na ƙarni na 13 ko 14 kuma, irin i9-13900K da i9-14900K, ya fara sabunta BIOS zuwa mai microcode 0x12B ko sabo, gyaran da Intel ta fitar a 2024 saboda yawan boltej da ke lalata su a hankali, kafin ma ya yi tunanin ƙara komai.

Mu koma kan 8700K. Idan komai ya zauna, gwada sauke boltej da 0.01 V, ka ga ko za ta riƙe, har ka samu mafi ƙarancin da take ɗauka, sannan ka mayar da 0.01 a kai ya zama rara. In kana so ta riƙa hutawa idan ba aiki, koma Adaptive da wannan lambar, ka tabbatar a HWiNFO64 cewa Vcore a tsakiyar aiki bai wuce na da ba. Ajiye saitin a profile na BIOS, ka kuma ajiye na biyu mai ninki ɗaya ƙasa da boltej kaɗan. Saitin da aka yi a sanyin Disamba sai an sake gwada shi a Afrilu, kuma idan zafi ya haura 85, na biyun za ka ɗora har damina ta sauka. Idan kuma bayan watanni ta fara neman ƙarin boltej a gudun da take riƙewa a da, ga masanyayi a share ga sabon mai, alamar gajiya ce: sauke ninki, kar ka ƙara wuta.